Jinyar Huhun Kawu a Alkahira

Jirgin EgyptAir da ke tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Alkahira mutane iri uku yake kwasa: 'yan kasuwa, ɗaliban Azhar, da masu neman lafiya. Na ukun ba sa ɓuya. Za ka gan su rungume da manyan ambulan na hoton asibiti, irin waɗanda ba sa shiga jaka, kowa da ɗan rakiyarsa. Mu ma a cikinsu muke, ni da Kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan sitiyarin tirela tsakanin Kano da Legas, taba a bakinsa tun ina yaro. Dangi ne suka ce ni zan raka shi, tunda ina jin Turanci kuma ina da ɗan Larabcin Islamiyya.

Da tari abin ya fara, sai rama, sai zufar dare. A wani asibiti aka ce tibi ce, wato tarin fuka, duk da gwajin kaki bai nuna ta ba, aka ɗora shi a kan maganin wata shida. Tibi ta yi yawa a ƙasarmu, alamominta kuma kusan ɗaya ne da na kansar huhu, don haka na fahimci yadda aka yi tunanin ya tafi can. Amma har yau watannin nan suna ci mini rai, domin mai shan taba da ya haura shekara hamsin, wanda maganin tibi bai canza masa komai ba a wata biyun farko, ya cancanci a ɗauki hoton CT na ƙirjinsa tun a lokacin. Sai da jini ya fara fitowa a kaki aka yi hoton, aka yanko ɗan nama aka auna, aka gaya mana sunan cutar: kansar huhu ce.

An sayar da fili, 'yan uwa suka yi karo-karo, tsofaffin abokan aikinsa na tasha suka haɗo nasu. Duk wanda ya zo sallama kuwa magana ɗaya ce a bakinsa: a je a yi masa aiki, a cire abin, a huta. Da wannan muka hau jirgi.

A filin jirgin Alkahira wani ɗalibin Azhar ɗan Katsina ne ya tarbe mu. Yawancin masu jinya daga arewa ta hannun irin waɗannan samari suke bi: su nemo maka ɗaki, su yi maka tafinta, su nuna maka inda ake sayen layin waya. Ya kama mana wani ɗan gida a hawa na biyu a Madinat Nasr, kusa da Hayyul Ashir, unguwar da za ka ji Hausa da Larabcin Sudan da harshen Somaliya a layi guda. Abin da ya fara dukana a garin shi ne hon. Dare da rana ba ya yankewa. Kawu, da yake direba ne, ya tsaya a baranda ya daɗe yana kallon yadda ƙananan bas ke kutsawa tsakanin motoci, ya ce waɗannan mutane sun san faɗin motarsu.

Asibitin da muka je bai yi gaggawar komai ba. Aka sake ɗaukar hotuna, har da na PET, wanda ake yi wa mutum allurar sukari mai alama a ga inda ƙwayoyin cutar ke zuƙarsa, da hoton ƙwaƙwalwa don a tabbatar cutar ba ta haura can ba. Aka zura wata siririyar na'ura ta maƙogwaro aka ɗebo nama daga kaluluwar tsakiyar ƙirji. Aka sa shi busa cikin bututu don a auna ƙarfin numfashinsa. Bayan haka ne likitoci uku suka zauna a kan fayil ɗinsa: mai kemo (maganin kashe ƙwayoyin kansa da ake ɗurawa ta jijiya), mai gashi (gasa ƙarin da hasken na'ura), da mai tiyatar ƙirji.

Mai tiyatar ne ya yi mana bayani, dattijo mai furfura a gefen kai, yana zane a bayan takarda. Huhun dama sassa uku ne, na hagu biyu. Ƙarin Kawu yana sashen sama na dama. Nau'in cutar shi ne wanda ƙwayoyinsa ba ƙanana ba, wanda ya kai kusan kashi 85 cikin 100 na kansar huhu. Mataki na uku ne, domin ta kai ga kaluluwar tsakiyar ƙirji ta ɓangaren da ƙarin yake, amma ba ta tsallaka zuwa hanta ko ƙashi ko ƙwaƙwalwa ba. Ɗalibin ya juyo ya fassara wa Kawu da abin da ya sani.

"Baba, cutar ta bar garinsu, ta iso tashar da ke kan hanya, amma ba ta shiga wani gari ba tukuna."

Kawu ya gyaɗa kai, ya ce, "To a tare ta a tashar. Yaushe za a yi aikin?"

Likitan ya ce ba yanzu ba, kuma ba lallai ba ne a yi. Za a fara da kemo da gashi a haɗe, a huta, a sake hoto. Idan ƙarin ya ja da baya har ya zama cire sashe ɗaya zai wadatar, zai yi aikin. Idan sai an cire huhun dama gaba ɗaya, ba zai sa wuƙa ba, za a ƙarasa gashin ne. Na ji jikina ya yi sanyi. Mun sayar da fili don tiyata, ga mai tiyatar da kansa yana ce mana wataƙila. Na tambaye shi dalili, ya rubuta mini sunan wani bincike a ƙasan zanen, ya ce in karanta in dawo da tambayoyi.

A daren na karanta shi a waya, Kawu na barci. Sunansa INT 0139. An yi shi a Amurka da Kanada, Dakta Kathy Albain ta jagoranta, mujallar Lancet ta buga sakamakon a 2009. Marasa lafiya 396 ne masu irin matakin Kawu. Tun farko aka raba su biyu da ƙuri'a, duka aka ba su kemo da gashi tare, sannan wasu aka yi musu tiyata, wasu aka ƙara musu gashi maimakon tiyata. Lokacin da rabin kowane rukuni suka rasu kusan ɗaya ne, wata 23.6 ga masu tiyata, wata 22.2 ga waɗanda ba a yi wa ba. Bayan shekara biyar, kashi 27 cikin 100 na masu tiyata na raye, kashi 20 na ɗaya rukunin, kuma masu binciken sun ce tazarar ba ta kai a rantse a kanta ba. Tiyatar ta jinkirta dawowar cutar, wata 12.8 a kan 10.5. To me ya cinye ribar? Aikin da kansa. Mutum 16 suka rasu ta dalilin magani a rukunin tiyata, 4 a ɗaya rukunin. Cikin mutum 54 da aka cire wa huhu guda sukutum, 14 ba su tsallake aikin ba, wato fiye da ɗaya cikin huɗu. Waɗanda aka cire wa sashe ɗaya kuwa, da aka gwada su da takwarorinsu da ba a yi wa aiki ba, kashi 36 sun kai shekara biyar, a kan kashi 18. Wannan lissafi na ƙarshe bayan an gama binciken aka fitar da shi, don haka ba shi da ƙarfin na farkon, amma shi ya sa likitocin ƙirji suke auna girman abin da za su yanke kafin su ce e.

Na ci gaba da bi, na tarar da wani binciken Jamus mai suna ESPATUE, na 2015, inda aka tace marasa lafiya sosai kafin a raba su: kashi 44 na masu tiyata sun kai shekara biyar, kashi 40 na masu kemo da gashi kaɗai. Nan ma kusan kunnen doki. Da asuba na gaya wa Kawu abin da na fahimta, cewa magani uku ba kullum ya fi biyu ba, sai ga wanda jikinsa da wurin ƙarinsa suka ba da hali. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗan nan, likitan da ya ce zai iya ƙin karɓar kuɗin aiki, na yarda da shi."

Aka fara. Ranar farko ta gashi awo kawai aka yi: ya kwanta rigingine, hannuwa a saman kai, aka ɗiga masa ɗigo-ɗigon tawada a ƙirji da haƙarƙari, aka ce kada ya goge. Da waɗannan ɗigon ake saita shi a kan na'urar kowace rana don hasken ya sauka inda aka nufa. Gashin kansa mintuna ne, ba zafi, ba a ganin komai sai kan na'urar yana zagaye shi. Kwana biyar a mako ake yi, Lahadi zuwa Alhamis, tunda hutun Masar Juma'a da Asabar ne. Wanda ake shirya wa tiyata ana tsayawa da shi a awo 45 na ma'aunin da suke kira girei, cikin mako biyar. Wanda ba za a yi wa ba ana kai shi 60. Na tambayi mai gashin me ya hana a ƙara, tunda ƙona cutar ake so. Ta ce an gwada 74 a Amurka, waɗanda aka ƙara wa suka riga mutuwa.

Kemon magani biyu ne, sisfilatin da etofosaid. Na farkon yana taɓa ƙoda, don haka sai an ɗura wa mutum ruwa leda-leda kafin a sa shi da bayan an sa, a kuma matsa masa da shan ruwa. Na biyun ya zubar wa Kawu da gashin kai da gemu. Haɗa su da gashi lokaci guda ya fi yin ɗaya bayan ɗaya amfani, da kusan mutum huɗu zuwa biyar cikin ɗari da ke kaiwa shekara biyar, amma jiki ne ke biyan kuɗin. Wajen mako na uku maƙoshinsa ya ƙone, domin hanyar abinci tana bi ta daidai inda ake haskawa. Ruwa ma sai ya runtse ido kafin ya haɗiye. Burodin Masar, aish baladi, da ya fara so, ya gagara. Ful ya gagara, koshari ba a ma maganarsa.

Matar mai gidan da muke haya ce ta cece mu. Ta ji tarinsa ta bango, ta aiko jikanta da kwano a rufe. Da na buɗe sai na ga miyar lalo ce, koriya shar, mai yauƙi, tana ƙamshin tafarnuwa da romon kaza. Su mulukiyya suke ce mata, kuma ganyen ɗaya ne da namu. Na bari ta huce, na ba shi cokali ɗaya. Ta wuce. Ya ɗago ya kalle ni, ya miƙo hannu ya karɓi cokalin. Daga ranar ita da kunun gero da na taho da garinsa daga gida, da yogot, su suka riƙe shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin wanda ya rame da yawa ana dakatar masa da magani, kuma mai tiyata ba ya son taɓa shi. Kullum in mun haɗu da matar a matakala sai ta ce, "Alf salama, Rabbina yishfi," wato sannu, Allah ya ba da lafiya.

Ɗakin jiran gashi ya zama mana unguwa. Fuskokin ba sa canzawa, kowa da lokacinsa. A nan muka haɗu da wani Alhaji ɗan Damagaram, mai fataucin fata, da babban ɗansa. Cutarsu ɗaya da Kawu, mataki ɗaya, kusan sa'o'in juna ne. Suka ɗinke, kullum suna gefe guda suna hirar hanyar Matameye da Daura da kuɗin kwastan. Bambancin shi ne ƙarin Alhajin yana can gindin huhun dama, inda babbar hanyar iska ta rabu, kuma kaluluwa da yawa sun kamu. Tun farko aka gaya masa ba za a yi masa aiki ba. Ya ɗauki maganar a matsayin an sallame shi. Wata rana ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, kai da kake karanta takardunsu, gaya mini gaskiya. Sun ga ba ni da rabo ne?"

Na zauna na gaya masa abin da na karanta, ɗansa na saurare. Na ce irin aikin da ƙarinsa zai buƙata shi ne wanda ya kashe ɗaya cikin huɗu a wancan bincike, kuma waɗanda aka yi wa kemo da gashi cikakke ba su gaza masu tiyata da wani abin kirki ba. Shi ma warkewa ake nema masa, ba lallashi ba. Akwai kuma abin da aka tanadar wa irinsa: wani magani mai zaburar da garkuwar jiki, durbalumab, da ake yi ta jijiya har shekara guda bayan gashi. A binciken PACIFIC, na mutum 713, wanda aka fara bayyana sakamakonsa a 2017, kusan kashi 43 na waɗanda suka samu maganin sun kai shekara biyar, a kan kashi 33 na waɗanda ba su samu ba. Fuskarsa ta saki. Ɗan nasa ne bai saki ba, domin shi ya riga ya tambayi kuɗin allura ɗaya.

Wannan shi ne abin da ya fi damuna a duk tafiyar. Ilimin ya riga ya yi gaba. Tun 2022 wani bincike, CheckMate 816, ya nuna cewa idan aka haɗa kemo da irin wannan magani kafin tiyata, kashi 24 na marasa lafiya ba a samun ko ƙwayar cuta ɗaya mai rai a abin da aka ciro, a kan kashi 2 da ɗoriya ga masu kemo kaɗai. An gaya mana wannan hanya ma tana nan. Muka yi lissafi da abin da ke hannunmu, ga naira kullum tana faɗuwa, muka ga ba za ta kai mu ba. Kawu bai sa abin a ransa ba. Ni na sa.

Bayan gashi aka ba shi hutun makonni don jiki ya farfaɗo. A nan ne muka ga Alkahira. Da ƙarfinsa ya ɗan dawo muka yi Juma'a a masallacin Azhar, wanda Faɗimiyyawa suka fara ginawa a shekarar 970. Ɗalibin namu ya nuna mana cewa ba mu ne farkon zuwa ba: a cikin ɗakunan kwanan ɗalibai na da akwai wanda ake kira na Barnawa, kuma tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suke da makarantarsu a birnin. Muka tsallaka zuwa wajen masallacin Husaini, muka zauna a bakin Khan al-Khalili, na saya masa ruwan rake mai sanyi, ni na sha karkade, wato zoɓo. Ko'ina ka juya a shagunan shayi hayaƙin shisha ne ke tashi, samari da tsofaffi. Kawu ya kalli wasu yara da ba su wuce sa'o'in ɗan autansa ba suna zuƙa, ya ce mu tashi. Wata rana kuma, a hanyar ziyarar kabarin Imam Shafi'i, direban tasi ya nuna mana asibitin kansar yara da ake kira 57357. Lambar asusun banki ce da jama'a suka riƙa zuba sadaka har aka gina shi, aka buɗe a 2007, kuma kyauta ake duba yara. Na daɗe ina juya wannan a raina, ina tuna yawan masu hali da ke Kano kaɗai.

Hoton da aka sake ya nuna ƙarin ya ragu da fiye da rabi, kaluluwar kuma ta lafa. Mai tiyatar ya sa shi hawa matakala hawa biyu yana biye da shi, ya duba awon numfashi, ya ce zai yi aikin, sashe ɗaya. A daren da za a shiga da shi na ce, "Kawu, kuna jin tsoro?" Ya ce wanda ya sauko gangaren dutse da tirela cike da siminti birki na wasa ya san tsoro, wannan kuwa barci zai yi, masu aiki su yi aikinsu. Ya ba ni wasiyya duk da haka, ya lissafa mini bashin da ake binsa da wanda yake bi.

Ya farka da roba a haƙarƙari tana zubar da ruwa da iska cikin wata kwalba a ƙasan gado. In ya yi tari sai ruwan kwalbar ya yi ƙwal-ƙwal, ma'aikaciyar jinya ta durƙusa ta duba ko kumfar na raguwa. Washegari suka tashe shi tsaye. Aka ba shi wata 'yar roba mai ƙwallaye uku, ya riƙa zuƙar iska har su tashi. Da farko ɗaya ce ke motsi, da ƙyar. Yakan rungume matashi a gefen ɗinkin, ya zuƙa, ya yi tari, hawaye na zubo masa, ya sake. Huhun da aka gasa ba ya saurin warkewa, shi ya sa robar ta daɗe a jikinsa fiye da na maƙwabcin gadonsa da ba a yi wa gashi ba. Alhajin Damagaram ya zo dubiya da lemo, muryarsa a dishe, ya gama nasa gashin.

Sakamakon naman da aka ciro shi ne takardar da ta fi kowace muhimmanci. An samu ragowar cuta kaɗan a cikin ƙarin, gefen yankan kuwa fes, kaluluwar tsakiyar ƙirji duka babu komai. Likitan ya ce wannan ne abin da yake fata, ya tuna mini cewa a binciken da ya ba ni, waɗanda aka tarar kaluluwarsu ta wanke kashi 41 sun kai shekara biyar. Ya kuma ce kada mu koma gida mu ce an warke. Cutar tana iya dawowa, sau da yawa a ƙwaƙwalwa, musamman a shekaru biyun farko. Ciwon kai mai naci, ko raunin hannu ko ƙafa, ko sabon tari, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Ba a bar mu mun hau jirgi ba sai da hoto ya nuna huhun da ya rage ya buɗe ya cike gurbin, babu iskar da ta maƙale. Na haɗa komai a jaka ɗaya: rahoton aiki, lissafin gashin da aka yi masa da inda aka haska, sunayen magunguna da awonsu, faifan hotuna, da ɗan naman da aka daskarar a kakin zuma, wanda sai da na roƙa aka ba ni, don ko da za a buƙaci sake gwaji a gida. Yanzu wani likita a Kano ne ke bibiyarsa, hoton CT duk wata shida. Yana zuwa masallacin unguwa da ƙafarsa, amma in ya yi sauri sai ya tsaya ya huta, kuma tuƙin tirela ya ƙare. Ɗan Alhajin Damagaram ya kira ni kwanan baya, ya ce sun samu an yi allurar na 'yan watanni kafin kuɗin ya yanke, sun koma gida, kuma a Kano za su riƙa zuwa ɗaukar hoto, ya roƙi in haɗa su da likitan Kawu.